Daɓen Katako a Ƙasar Hunturu da Gara

Duk wanda ya zauna a ɗaki mai ƙofar katako a Ƙauran Namoda ya san halinta. Idan damina ta yi tsakiya, wajen watan Agusta, sai ta kumbura ta cije, ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa. A watan Janairu kuma, iskar hunturu na kaɗawa, ita dai wannan ƙofa za ta tsuke har a riƙa hango hasken waje ta gefenta, sakata ta daina faɗawa raminta. Ba laifin kafinta ba ne. Haka itace yake ko an sare shi an feƙe: yana shan laimar iska, yana kuma sakin ta. A ganina, duk mai niyyar shimfiɗa katako a ƙasan ɗakinsa a arewacin Zamfara, daga wannan ƙofa ya kamata ya fara lissafi, kafin ya kai ga launi da farashi.

Sha'awar kuwa ta fara shigowa. Ɗan kasuwar Shinkafi da ya sauka a otal a Abuja ko ya dawo daga Umara, da malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, da ya daɗe yana tarin kuɗin gini, da amaryar da ta ga hoton ɗaki a waya ta nuna wa iyayenta, duk sun ga ƙasan ɗaki mai launin itace, sumul, sun kuma so. In aka je manyan shagunan kayan gini a Kano ko kasuwar Dei-Dei ta Abuja, mai shago zai ajiye wa mutum falankai biyu masu kama da juna. Zai ce wannan laminet ne, wancan kuma katakon gaske ne haɗin kamfani, kuɗin na biyun ya ninka na farkon ko ma ya fi. Daga sama ido ba ya raba su. Sai an juya gefen falankin an dubi cikinsa.

Laminet hoton itace ne aka lulluɓe. Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977, ya fara sayar da shi da sunan Pergo a 1984. Falle huɗu gare shi. Can sama akwai wata fata garai-garai ta robar da ake kira melamin, an cakuɗa ta da garin ma'adini mai tsananin tauri don kada ta karce. Ƙarƙashinta takarda ce da aka buga wa zanen itace. Sai tsakiya, inda kaurin yake, allon HDF, sannan wani siririn falle a ƙasa da ke hana shi lanƙwasa. HDF ba baƙo ba ne a gidajenmu, ɗan'uwan MDF ne da ake yi wa amare gado da wadirof da shi: garin itace aka kwaɓa da gam aka matse, sai dai shi an fi matse shi. Kaurin falankin duka daga milimita 6 zuwa 12. Ba a buga masa ƙusa, ba a manna shi. Bakin kowane falanki yana da harshe da ke shiga na kusa da shi ya kulle, dabarar da ta bazu a shekarun 1990 ta hannun kamfanonin Välinge na Suwidin da Unilin na Beljiyam. Saboda haka ɗakin gaba ɗaya shimfiɗa guda yake zama, kwance a kan siminti ba tare da ya kama shi ba.

Katakon haɗi ya girme shi. Kamfanin Kährs, shi ma na Suwidin, ya yi rajistar fasahar a 1941. Samansa itace ne na gaske, yawanci itacen ok na Turai, an yanko shi siriri, daga abin da bai kai milimita 1 ba har zuwa milimita 6. Ƙasansa kuma falle-fallen itace mai araha ne da aka manna suna gicciye da juna, irin na filawud. Hikimar ita ce, itace ta faɗinsa yake kumbura, ba ya wani motsi ta tsawonsa. In aka gicciya falle a kan falle, kowanne zai riƙe ɗan'uwansa. Shi ya sa ya fi gundarin katako haƙuri da sauyin yanayi. Yana da ɗumi a tafin ƙafa, babu falankai biyu masu zane ɗaya, kuma idan samansa na da kauri, ana iya kankare shi da inji bayan shekaru a sake shafa masa fenti ya dawo sabo. A ƙa'idar Turai sai fatar saman ta kai milimita 2.5 ake lissafa shi cikin daɓen katako na sosai. Wanda bai kai haka ba, kankara ɗaya za ta cinye shi.

A ƙasashen da aka ƙera su an daɗe da yanke hukunci: mai hali ya sayi katakon haɗi don ya daɗe ya kuma ƙara wa gida daraja, mai ƙaramin ƙarfi ko mai yara da yawa ya sayi laminet. Hukuncin daidai ne ga gidajensu. Sai dai in mutum ya buɗe takardar da ke cikin kwalin ya karanta, zai tarar kamfanoni da yawa suna gindaya sharaɗi cewa laimar iskar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 35 zuwa 55 cikin 100, ko kusa da haka, duk shekara. In ta fita daga nan, alhakin abin da ya faru ba ya kansu.

To mu dubi namu. Daga Disamba zuwa Maris, laimar iska a yankin Ƙaura, Zurmi da Shinkafi kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Lokacin da leɓe ke tsagewa ke nan, dunduniya na faso. A Afrilu da Mayu zafi ya wuce digiri 40. Sai ruwa ya sauka, a Agusta laimar ta haura kashi 70, wasu ranakun 80. Masana itace sun auna cewa katakon da ya zauna a iska mai laima kashi 20 yakan riƙe ruwa kimanin kashi 4.5 na nauyinsa, wanda ya zauna a mai kashi 80 kuma yakan riƙe kusan kashi 16. Daga kamfani kuwa ana fito da shi da kimanin kashi 6 zuwa 9. Ashe ke nan falankin da aka shimfiɗa a Zurmi zai sauka ƙasa da yadda aka yi shi kowane hunturu, ya haura sama da haka kowace damina, shekara bayan shekara.

Yadda kowannensu ke nuna wahalar ya bambanta. Katakon haɗi, duk da gicciyen da aka yi masa, bushewa ce babbar abokiyar gabarsa. Fatar saman takan riga na ƙasa bushewa, ta tsuke ta ja, su kuma su ƙi biyo ta. Sai a fara ganin tsaga sirara kamar gashi a bin tsawon falankin, gefunansa su ɗan ɗago, in gam ɗin ba mai kyau ba ne fatar ta fara ɓarewa daga kusurwa. Wannan tsaga ba ta komawa ko damina ta dawo. Laminet kuma a mahaɗa yake buɗewa da hunturu, ƙura ta cika ratar, lokacin da zai koma ya rufe ya tarar babu wuri. Da damina, in ba a bar masa sarari a jikin bango ba, zai tokare ya yi tudu a tsakiyar ɗaki, a taka ya lotsa, a ɗaga ƙafa ya taso. Wani zai ce ai zai sa na'urar sanyaya ɗaki. Da damina za ta taimaka, don tana tsotse laima. Da rani kuwa ƙara busar da iskar take yi. Abin da ake buƙata lokacin na'ura ce mai ƙara wa ɗaki laima, ita kuma sai da wuta dare da rana, abin da kowa ya san ba mu da shi.

Amma ko an bar maganar iska, akwai wadda ta fi ta nauyi, wato yadda muke zaman ɗakunanmu. Bature a kan kujera yake wuni, a tebur yake cin abinci. Mu a ƙasa muke rayuwa. A nan ake baje tabarma a ajiye kwanon tuwo da na miya da ruwan wanke hannu. A nan ake salla, ana shigowa da ɗanyen alwala a ƙafa. A nan jariri ke rarrafe, ya yi fitsari kafin uwarsa ta ankara. Buta na bakin ƙofa, kula ko randar ruwan sha na kusurwa tana gumi. Mai jego na shiga da fita da ruwan zafi har kwana arba'in. Gyaran ɗaki kuma a wajen matanmu shara ce, sannan a jiƙa tsumma ko mofa sharkaf a goge. Mijin da ya zaɓo abin shimfiɗa a Kano bai tambayi wadda za ta riƙa goge shi kullum ba, ya tsallake shawarar da ta fi kowace amfani.

Saman laminet ba ya jin ruwa, wannan gaskiya ne, kuma ita mai shago zai nuna: ya tsiyaya ruwa a kan falanki ya ce, «Alhaji, duba, ko alama babu.» Ai ba ta nan yake shiga ba. Ta mahaɗa yake bi ya sami HDF, shi kuma ya sha ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Washegari in ka shafa hannu a kan mahaɗar za ka ji bakin ya yi tudu. Bayan 'yan makonni takalmi da tsintsiya sun goge tudun, hoton itacen ya tafi, garin ciki mai ruwan ƙasa ya bayyana. Ko ya bushe ba ya komawa. Duk matar da ruwa ya taɓa kwanciya a gindin wadirof ɗinta ta ga irin wannan. Yanzu akwai laminet da ake shafe bakinsa da maganin ruwa, kamfani ya yi alkawarin zai jure awa 24 ko fiye. Ya fi na da, amma an yi shi ne don kofin da ya kife, ba zai jure famfon banɗaki mai yoyo a ɓoye ba. Katakon haɗi ya ɗan fi shi haƙuri da ruwan da aka goge nan take, domin filawud ba ya narkewa kamar garin itace. In ruwan ya kwana, shi ma zai yi baƙi ya lanƙwashe. Mai son gane gaskiyar kaya ya roƙi guntu, ya tsoma bakinsa a kofin ruwa ya kwana, da safe ya gwada shi da busasshe.

Inda laminet ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau shi ne wajen yashi. Ƙasarmu rairayi ce, kowace ƙafa da ta shigo da guzurinta, hunturu kuma yana zuba nasa ta taga. Fentin da ke kan katakon gaske ba ya jimawa a ƙarƙashin wannan guga, musamman a bakin ƙofa da hanyar zuwa gado. Fatar laminet ta fi tauri nesa ba kusa ba. A jikin kwali ana rubuta darajar taurin da harufan AC, daga 1 zuwa 6. AC3 ya ishi gida a Turai. A nan ban ga dalilin sayen abin da bai kai AC4 ba, kauri kuma kada ya gaza milimita 8. Sai garwashi. Ɗakin mace ba ya rabuwa da kaskon turaren wuta, da sanyi kuma tsofaffi na shigo da na jin ɗumi. Garwashi guda in ya faɗi zai bar tabo a kan kowannensu. Na katakon haɗi ana iya gogewa, na laminet sai dai a cire falankin.

Gara ba ta buƙatar gabatarwa a ƙasar da kakanninmu suka zaɓi azarar giginya don rufin soro saboda ita ce ba ta iya ci da sauƙi. Abincinta itace da takarda, su biyun kuwa abin da aka yi waɗannan falankai da shi ke nan. Gam ɗin da ke cikin HDF na iya rage mata sha'awa, amma ba ya hana ta. Abin da ya fi damuna shi ne, shimfiɗar da ke kwance a kan siminti tana ba ta duk abin da take so: duhu, ɗan danshi, da wurin da ido ba ya kaiwa. Tsaga ɗaya a siminti ko gefen bututun banɗaki ya ishe ta hanya. A ɗakin tayil za ka ga hanyarta ta jar ƙasa ta hau bango ka kankare. A ƙarƙashin katako sai ranar da ƙafar gado ta burma, a ɗaga falankin a tarar fatar sama ce kawai ta rage, ciki duk laka. Maganinta tun wajen aza harsashi ake yi, a yi wa ƙasar feshi kafin a zuba kankare. Bin bayanta da maganin ƙwarin gona a ɗakin da yara ke kwana haɗari ne da ya fi garar.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke ƙarƙashi, wanda shi ne rabin aikin. Ƙaura na bakin gulbin Gagare, Bunsuru kuma ya ratsa ta ƙasar Zurmi ya nufi wajen Shinkafi. Gidajen da ke kusa da fadama, da damina ruwan ƙasa na tasowa, ana ganin shaidarsa a gindin bango inda fenti ke kumbura yana fitar da farin gishiri. Gini da yawa ba a yi musu jaman fulo, ba a kuma shimfiɗa leda kafin a zuba kankare, ciko kawai ake yi a dandaƙe a shafe da siminti. Irin wannan ɗaki bai dace da katako kowane iri ba. Inda aka yi aikin yadda ya kamata ma, sai an jira ya bushe. Maginan Turai na lissafa kwana ɗaya ga kowace milimita ta kaurin shafen, ke nan shafe mai milimita 50 na neman kusan mako bakwai. Zafinmu na saurin busar da sama, ciki na nan da ruwansa. Gwajin mai sauƙi ne: a manna ƙyallen leda a ƙasa da salatif ta kowane gefe, a bar shi ya kwana. In an ɗaga an ga raɓa ko simintin ya yi duhu, da saura. Sannan dole ƙasan ya yi lebur, kada tudu da kwari su wuce milimita 2 ko 3 a tsawon mita biyu, in ba haka ba harsunan da ke kulle falankan za su karye. Mai sa tayil yana cike kwari da kwaɓi yana tafiya. Laminet ba ya rufa wa magini asiri.

Wa zai yi aikin? Masu sa tayil akwai su a Ƙaura, akwai a Shinkafi da Zurmi, Gusau ma tafiyar kusan kilomita 60 ce daga Ƙaura. Mai shimfiɗa katako da ya san aikinsa kuwa sai an ɗauko shi daga nesa, a biya masa mota da masauki. Kowa ya san halin da hanyoyin yankin nan suka shiga a shekarun nan na 'yan bindiga. A Satumbar 2021 har layukan waya aka rufe a jihar, aka dakatar da kasuwannin mako. Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Amma mai gini dole ya yi tunanin ranar gyara, ba ranar sawa kaɗai ba. Nan ne babbar fa'idar katakon haɗi ke rushewa. An ce ana kankare shi a sabunta, to da wane inji, a hannun wa? In babu mai yi a kusa, mutum ya biya kuɗin alherin da ba zai taɓa mora ba. Laminet ana iya zare falanki a sa wani, da sharaɗin an ajiye ragowa, domin launin da aka saya bana da wuya a same shi baɗi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi murabba'in mita 13 ne da ɗoriya. A ƙara kashi 10 cikin 100 na yanka, a kuma ƙara kwali guda na ajiya.

Kuɗinsu duka biyun da dala yake tafiya, don shigo da su ake yi, yawanci daga Sin, Turkiyya da Turai. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa allunan garin itace da filawud da tayil cikin kaya 41 da ya daina bai wa masu shigo da su dala a farashin gwamnati, bai janye ba sai Oktobar 2023. Kafin nan, a Yunin 2023, an saki naira, dalar da take wajen 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Tayil kuwa yanzu ana yin sa a gida, a Ajakuta ta jihar Kogi da masana'antun jihar Ogun, siminti kuma tun 1967 ake yin sa a Kalambaina ta Sakkwato. Idan kuɗi ya matse, ɗan kasuwa mafi araha yake shigowa da shi, araha kuwa ba ta ado. A nan ma ta wuce maganar ado. Gam ɗin da ake kwaɓa garin itace da shi yana fitar da wani sinadari, fomaldihaid, wanda hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin masu jawo cutar a 2004. A 2015 an yi babbar badaƙala a Amurka kan laminet ɗin da kamfanin Lumber Liquidators ya shigo da shi daga Sin, bayan an gano yana fitar da sinadarin fiye da ƙa'ida. Zafi da laima na ƙara yawan fitarsa, ga mu kuma da rufe tagogi saboda ƙura da sauro, ga yara kwance hancinsu a ƙasa. A nemi alamar E1 a jikin kwali. In an buɗe kwalin wari ya bugi hanci ido ya yi yaji, a mayar wa mai shi.

Kafin duk waɗannan muna da daɓenmu, kuma ya cancanci a tuna shi da mutunci. Aikin mata ne na gayya. A zuba tsakuwa ko marmara a baje, a yayyafa ruwa, matan unguwa su durƙusa a jere kowacce da madaɓinta, suna bugu tare suna waƙa har ƙasa ta kwanta. Sannan a kawo makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ko na bagaruwa, a shafe a sake bugu. In ya bushe sai ya yi ja-ja mai duhu yana sheƙi, ya yi sanyi da bazara, ba ya ɗaukar sanyin da ke shiga ƙashi da hunturu. Kayan aikin duka daga bayan gari suke, masu gyara kuma maƙwabta ne. Zuwan jirgin ƙasa Ƙaura a 1929 ya sauƙaƙa shigowar kwano da siminti, daga baya leda ta zo ta zama cikin kayan jeren amarya, sai kafet, sai tayil. Kowanne ya karɓu ne domin ya jure ruwa da tsintsiya, ko kuma yana da arahar da za a yar a sake.

Daɓen ƙasa yana da aibinsa idan ya tsufa ya fara tashi, kuma Zamfara ta ga mafi muninsa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida ta cakuɗe da ƙasar da yara ke wasa a kai, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna ana zuba sabuwa. A Meziko, gwamnatin jihar Kowawila ta fara zuba wa talakawa siminti a ɗakunansu a shekarar 2000. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa inda aka rufe ƙasar gidan duka, tsutsar ciki a jikin ƙananan yara ta ragu da kashi 78, gudawa da kashi 49. Na kawo wannan ne saboda gidajenmu na gandu ne. Sau da yawa maigida zai ƙawata falonsa da abin da ya fi tsada, alhali ɗakin tsohuwa da madafa da inda jikoki ke wuni ƙasa ce tsura. Kuɗin katakon haɗi na falo guda zai yi wa ɗakuna da dama daɓen siminti. In ni ake tambaya, can zan fara kai kuɗin.

Ban ce masu son katako ba su da hujja ba. Tayil yana da sanyin da ke damun tsofaffi da masu ciwon gwiwa a watan Janairu, mai sheƙin nan kuma in ya jiƙe santsinsa ya karya mutane da yawa. Sai dai sanyin nan shi ake nema a watannin da suka fi yawa a shekara, lokacin da mutum ke barin katifa ya kwanta a ƙasa. Na hunturu kuma darduma ko kafet ɗin da za a naɗe in zafi ya dawo ya isa. Wanda launin itace ne ya ja hankalinsa, akwai tayil dogaye masu zanen katako, marasa santsi, waɗanda mai sa tayil na gari zai iya sawa, ruwa da gara da garwashi duk ba ruwansu da su. Akwai kuma wanda ake kira SPC, mai kama da laminet wajen kulle-kulle, amma cikinsa garin farar ƙasa ne da roba. Ba ya shan ruwa, gara ba ta da abin ci a jikinsa. Rauninsa zafin rana kai tsaye, inda taga ke zuba masa rana zai iya buɗewa ko ya lanƙwashe, shi ma kuma yana son ƙasa mai lebur.

In kuwa mutum ya ce shi dai cikin biyun nan zai zaɓa, to a wannan yanki laminet mai kyau ya fi katakon haɗi dacewa. Ya fi jure yashi, asararsa in ya lalace ba ta kai ta wancan ba, gyaransa ba ya neman inji. A keɓe shi ga ɗakin kwana ko na karatu, zai fi kyau a saman bene inda laimar ƙasa da gara ba sa saurin kaiwa, a kuma yi wa bakin banɗaki dakali na tayil mai faɗi. Falon da ake cin abinci, da ɗakin mai jego, da hanyar madafa, a bar wa tayil. Katakon haɗi sai gidan da ke da wutar sola ko janareta da za ta riƙe iskar ɗaki a daidai duk shekara, da maigidan da ya san inda zai samo mai gyara.

Lokacin sawa ma yana da tasiri. Wanda aka shimfiɗa bayan ya sha bushewar Janairu a tsuke yake, zai nemi wurin miƙewa a Agusta. Wanda aka sa a tsakiyar damina a kumbure yake, da hunturu zai buɗe. Ƙarshen Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa kafin iska ta bushe sarai, ya fi kusa da tsakiya. A kawo kwalayen a kwantar da su a cikin ɗakin da za a sa su aƙalla awa 48, a nan ma gara a ba su mako guda. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, bakinta ya hau kan juna a manne, a ɗora siririn soso a kai. A bar rata ta milimita 10 tsakanin falankai da bango ta kowane gefe, har da gindin ƙofa da jikin bututu, in ɗakin babba ne a ƙara, sannan a rufe ratar da sikatin da aka kafa a jikin bango, ba a jikin falankin ba. Kada a yarda wani ya cike ta da siminti don a ce aiki ya fita tsaf.